Mati Kunne da Jar Fitila

Duk wanda ya tuƙa babbar mota tsakanin Funtua da Malumfashi a shekarun saba'in ya san Mati Kunne. In ya ce bai san shi ba, to ƙaramar mota ya tuƙa, kada ya zo ya cika mana baki. Garejinsa na bayan tasha, gindin wata tsamiya, ba rufi ba allon suna, sai baƙin mai da ya ci ƙasa har ta koma kamar daɓe. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga saurin fushi, ga tsiya a baki. Haifaffen Ƙarfi ne, ɗan manoma, amma tun yana saurayi ya jingine fartanya ya bi motocin auduga, ya ce shi kam da ƙarfe zai yi hira, ƙasa ba ta amsa magana.

Sunan nan Kunne ba gadonsa ya yi ba, aikinsa ya ba shi. Yana da wani rodi mai tsawon kamu biyu, ya ƙwama masa kan icce a gefe guda. In an kawo mota sai ya ce kada a kashe ta. Ya ɗora bakin rodin a jikin inji, ya manna kan iccen a kunnensa, ya lumshe ido. Kowa ya yi tsit, har mai tallan rake. Can sai ya buɗe ido ya faɗi ciwon, ya faɗi inda yake, wani lokaci ma ya faɗi abin da direba ya yi har ciwon ya samu. Direbobi sun fi tsoron wannan na ƙarshen, don a gaban mai mota yake faɗa.

Shekarar da aka kawo babban aikin gona ƙasar Funtua, gari ya cika da taraktoci da katafiloli, wani Baturen injiniya ya kwana uku yana fama da wata tarakta, littafinsa a buɗe, gumi na ɗiga a kai. Mati ya zo wucewa bisa keke, ya sauke ƙafa ɗaya, ya karkata kai, ya ce da leburori, "Ku gaya masa nozul na uku ne." Ya taka kekensa ya yi gaba. Aka kwance bututan fesa mai na injin, na uku ne kuwa. Iyakar abin da ya faru ke nan, amma kafin shekara ta zagayo direbobi sun zuba wa labarin gishiri har ya zama wai daga Bakori ya jiyo ta. Mati bai taɓa gyara musu ba.

Abu ɗaya ne Mati ya tsana a duniya bayan direba mai gardama: jar fitilar nan ta gaban direba, wadda ke kamawa in inji na da matsala. Dalili kuwa, wani direba ya taɓa kwana biyu a hanyar Dandume da lodin auduga, yana tsoron tayar da mota saboda ta kawo ja, Mati ya sha rana ya je ya tarar wata 'yar waya ce kawai ta saki. Tun daga ranar ya sa mata suna magulmaciya. Ya ce inji na da bakinsa, shi kuma yana da kunnensa, to me ya kawo ta tsakaninsu? Saboda haka duk motar da ta shigo hannunsa, in ya gama saurare ya gama gyara, aikin ƙarshe shi ne ya zura hannu bayan allon direba ya zare ƙwan fitilar, ya jefa cikin wani babban gwangwanin madara. Gaskiyar magana, a shekarun nan babu wanda ya cutu. Fitila ta tafi, amma kunnen Mati na nan, kuma ya fi ta.

Mai yi masa tsiya kan wannan ɗabi'a mutum ɗaya ne, Chukwuma mai sayar da kayan mota, wanda shagonsa ke kwanar fita daga garejin. Amincinsu ya daɗe. Lokacin da Chukwuma ya tafi gida a shekarun yaƙin basasa, a hannun Mati ya bar makullin shago, ya dawo bayan shekara huɗu ya tarar ko noti bai ɓace ba. Shi kaɗai ke iya cewa, "Oga Mati, wanda ya ƙera motar nan mahaukaci ne da ya sa mata fitila?" Mati ya ce, "Ba mahaukaci ba ne. Kurma ne, ya ƙera wa 'yan'uwansa kurame."

To, Allah Ya kyauta. Shekara ashirin mutum na manna kansa a jikin injin gas, me ake jira? Wajen tamanin da biyar abin ya soma, kuma da siraran sauti ya soma. Kukan tsuntsayen tsamiya ya ɗauke, Mati ya ce sun yi ƙaura. Ƙyauren ɗakinsa ya daina tsuwwa, ya ce ya gyaru da kansa. Muryar matarsa Hajo ta yi nisa, wannan kam bai kai ƙara ba. Amma ranar da ya ɗora rodi a jikin wata tifa ya ji ba komai sai gurnani guda ɗaya, duk 'yan ƙananan muryoyin nan da yake rarrabewa sun narke cikinsa, ranar gabansa ya faɗi. Ya koma gida bai ci tuwo ba. Ya ce da Hajo, in maganar nan ta fita ƙofar gida, to ita ma ta bi ta.

Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa. Ba shi da gona, ba shi da rumbu, ba shi da komai sai sunan nan. In aka cire Kunne, saura Mati gajere mai faɗa, irinsa kuwa sun fi goma a tashar Funtua. Sai ya koyi dabara. Ya koyi kallon leɓɓan mutane, ya koyi karanta fuskar direba, ya duba launin hayaƙi, ya dafa ƙarfe ya ji rawarsa. Rodin kuwa yana nan, ya ɗora, ya lumshe ido, ya ma ƙara tsawon lokacin don abin ya yi kwarjini. Wani sa'in ya dace, wani sa'in ya harbi iska. Ko ya dace ko bai dace ba, ƙwan fitila dai sai ya shiga gwangwani. Abin da ya ba shi haushi a shekarun nan shi ne yadda mutanen Funtua suka lalace, kowa ya zo gaishe ka sai ya wage baki kamar mai kiran shanu. Ya kuma lura direbobi sun koyi kwaɗayi, duk wanda ya bar garejinsa sai ya tsaya shagon Chukwuma, wai shan ruwan randa.

Ana nan, bazarar da ta biyo bayan ba Katsina jiharta, Alhaji Sanda dillalin auduga ya wayi gari ɗan kwangila. Aka ba shi aikin tona madatsar ruwa a gefen Ƙarfi, inda mata ke cin tafiyar rabin yini neman ruwa in rani ya tsananta. Alhaji ya sayo sabuwar katafila mai hannu ɗaya, irin wadda ke juyawa a tsaye ta kamfato ƙasa da cokalinta. Da ta iso, a ce a kai ta bakin aiki? Ina! Wata uku ta yi a harabar sitonsa na auduga, an shimfiɗa tabarmi a inuwarta, baƙi na zuwa daga Musawa da Dandume suna yi masa murna. Littafin da ya zo da ita kuwa, ko ledarsa ba a yage ba, Alhaji ya kulle shi a akwati tare da takardun gida, don kada a lalata.

Sai da gabas ta soma haɗa gira sannan aka ɗora ta a tirela. Mai tuƙa ta Raufu ne, Bayarabe haifaffen Funtua, mutum mai haƙuri da tsabtar aiki. Kwana takwas tana cin ƙasa lafiya lau. A na tara ƙarfinta ya zube, hannun ya riƙa ɗagawa kamar na mai zazzaɓi, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, wata jar fitila ta shiga ƙyaftawa. Ba fitilar kaɗai ba. A ƙarƙashin kujerar direba akwai wata 'yar ƙararrawa da ba ta fi murfin kwalba ba, mai siririn kuka da ke shiga har cikin haƙori, in dai inji na aiki ba ta hutawa. Ramin ko rabi bai kai ba, in ruwa ya sauka a haka aikin ya tashi sai baɗi. Alhaji Sanda ya aika da mota a ɗauko Mati.

Hajo ta tare shi a zaure, ta tsaya inda zai ga bakinta. Ta ce, "Malam, ka ce ba ka jin daɗi mana. Wannan ba irin motocin da ka saba ba ce."

Ya ce, "A Ƙarfi? Garin da aka yanke mini cibi? A ce an kira Kunne ya ce zazzaɓi?" Ya saɓa rodi, ya rungumi gwangwani, ya fice.

Da hantsi suka isa. Kai, ka ce ranar kasuwa ce! Garin ya fito kaf, maza a gaba, mata a kan tudun jar ƙasar da aka tono, masu talla sun jera farantansu a gefe. Ɗan gari ya dawo, wanda ya kunyata Bature. Mati ya sauko yana taku ɗai-ɗai, ya zagaya katafilar sau biyu yana taɓe baki. Raufu ya bi bayansa yana yi masa bayani, har da zancen ƙararrawar, amma duk a ƙeyarsa ya yi, saboda haka ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Mati ya juyo ya ce, "Tayar da ita."

Inji ya tashi, ƙararrawa ta tashi tare da shi. Nan take jama'a suka yamutsa fuska, wasu suka ja da baya, mata suka toshe wa goyonsu kunne. Mati ya ga haka ya ji daɗi, ya ɗauka kwarjininsa ne. Ya hau, ya ɗora rodi, ya lumshe ido. Gurnani kawai, guda ɗaya, kamar kullum. Ya matsa gaba ya ɗora, ya matsa baya ya ɗora. Ba komai. Gumi ya karyo masa, ya ce zafin inji ne.

Raufu ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna fitilar, ya ɗaga yatsu huɗu. Ya ce, "Baba, ka duba, ƙirge take yi. Sau huɗu, ta tsaya, ta sake huɗu. Tun jiya ba ta canja ba. Ina ga wani abu take son faɗi."

Mati ya ce, da ƙarfi don na baya su ji, "Ta iya ƙirge? To a sa ta makaranta mana! Yaro, tun ba a haife ka ba nake fama da irinta. Gulma ce kawai." Aka yi dariya, don an ga yana so a yi. Ya shiga ɗakin direba, ya kwance noti huɗu, ya zura hannu, ya zaro ƙwan fitilar, ya ɗaga kowa ya gani, ya jefa cikin gwangwani. Sannan ya fito ya tsaya a kan sarƙar katafilar, ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "To, ga ta nan, ta yi shiru. Ku saurara da kyau. Kun ji wani abu? Ko tari ba ta yi. Lafiyarta ƙalau, sabunta ce kawai ke damun ta."

Ƙararrawa kuwa na ta tsala kuka, har wani jaki da ke ɗaure can gindin marke ya soma amsa mata.

Wallahi da ka ga mutanen Ƙarfi ranar nan sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka. Mutum sama da ɗari biyu, ba wanda ya ce uffan. Dattijo ne, ɗan gari ne, baƙonsu ne, wa zai fara? Kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa. Alhaji Sanda, da ɗan yatsa cikin kunne har gaɓa ta biyu, ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Malam Mati. Tsit kake ji." Na kusa da shi suka ce, "Gaskiya ne." Da an bar su, da haka za a tashi taron, a raka shi mota da godiya.

Amma akwai Gwaggo Ladidi, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai sayar wa leburori kunu. Ita ta yi wa uwarsa wankan jego da aka haife shi, ba ta ga abin da zai sa ta ji nauyinsa ba. Ta ajiye ludayi, ta ratsa maza, ta kama ƙafar wandonsa ta finciko har sai da ya diro ƙasa. Ta tallafi haɓarsa ta juyo da fuskarsa saitin tata.

Ta ce, "Kai Mati! Kurma ka zama ne? Abin nan tun ɗazu yake ihu kamar an taka wa kare wutsiya, kana tsaye kana ce mana shiru? Su kuma waɗannan ragwaye suna ce maka haka ne!"

Bakin Gwaggo ba haƙora, amma bai taɓa karanta baki sarai kamar wannan ba. Ya waiga. Sai yanzu ya ga yatsu a kunnuwa. Ya ga fuskokin da ya ɗauka kwarjini ne, ashe azaba ce da tausayi. Raufu ya kama hannunsa a hankali, ya ja shi ɗakin direba, ya ɗora tafinsa ƙarƙashin kujera. Wani ɗan abu na ta kakkarwa a cikin hannunsa kamar an damƙi ƙudan zuma. Kunya ta rufe Mati. Ya so ƙwarai ramin nan ya fi haka zurfi, ya shige a tura ƙasa.

Alhaji Sanda ya leƙo, ya miƙo filaya. Shi a ganinsa taimako ne. Ya wage baki ya ce, "Malam, yanke wayarta kawai! Ita ma gulma ce! A yanke a ci gaba da aiki, hadari na tafe!"

Mati ya karɓi filayar. Waya ce siririya, ƙyas ɗaya ta wadatar. In ya so sai ya yanke, ya fito ya ce dama gwada su yake yi, kuma ya san mutanen nan, za su ce haka ne. Ya daɗe yana kallon ta. Shi dai ya san abin da ba su sani ba: da can yana zare fitila ne don akwai abin da ya tsaya a madadinta. Yau babu. In ya rufe wa motar nan baki, za ta yi ta shan wahala ba mai ji har injin ya buga, a garinsu, a gaban Gwaggo, matan nan na kan tudu kuma su koma cin tafiyarsu da tuluna. A ce wa ya duba ta? Kunne.

Ya ajiye filayar. Ya jawo gwangwani ya buɗe, abin da bai taɓa yi don ɗauka ba. To fa, nemo ƙwan da ya jefa yanzu cikin ɗaruruwa! Ya kwaso na sama ya zuba kan kujera, na tifa, na tarakta, na gingimari, ya yi ta gwadawa, sai a na bakwai ya dace. Fitila ta kawo. Mati ya tsuguna a gabanta kamar mai ɗaukar karatu, ya ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta tsaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ya ce, "Raufu, dube ni sosai, ka yi magana a hankali. Huɗun nan, ina aka rubuta ma'anarta?"

Raufu ya ce littafi na Funtua cikin akwatin Alhaji, amma ya taɓa ganin wata takarda manne a jikin ƙofa ranar da motar ta iso. Suka duba ƙofar. Kalandar Alhaji Sanda ce a wurin, da hotonsa cikin babbar riga yana riƙe da wayar tarho. Mati ya ɓanɓare Alhaji ya miƙa masa kansa. A ƙasa ga takardar, rubutun wata ƙasa da ko Raufu bai iya ba, amma mai ƙirar ya yi hankali, ya jera ɗigo-ɗigo da zane a gefen kowanne. Ɗigo biyu, butar mai. Ɗigo uku, ruwa na tafasa. Ɗigo huɗu, wani abu kamar tukunya kibiyoyi na shiga cikinta. Mati bai yi boko ba, amma ya san tukunyar da inji ke shaƙar iska ta cikinta.

Duk da haka bai saki tsohon ra'ayinsa da sauƙi ba, hali ai ba riga ba ne. Ya bi wayar da yatsa tun daga bayan allo, ta ƙarƙashin ɗaki, har inda ta ƙare a wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura a wuyan bututun iska, wanda shi ke kai wa fitila rahoto. Yana ta fatan ya ga ta saki ko ta tsinke, ya samu abin cewa. Ya cire, ya goge, ya hura, ya mayar, ya girgiza. Waya lafiya, ɗan ƙarfe lafiya. Fitila ta ce huɗu. Ya ce a kashe inji, ya kwance murfin tukunyar iska.

Auduga! Ya zura hannu ya zaro dunƙule, ya sake zurawa ya zaro wani, har da ɓawon gyaɗa da kashin ɓera da guntun buhu, daga ƙarshe ya jawo wani ƙaton ɓera da ya bushe ƙayau, ya riƙe shi ta wutsiya. Wata ukun da motar ta yi tana karɓar gaisuwa a harabar sito, ɓerayen Alhaji sun kwashi audugar Alhaji sun yi gida a motar Alhaji. Kwana takwas inji na zuƙa, ƙura na ƙaruwa, har abin ya toshe ruf. Alhaji Sanda ya ce lallai wannan aikin maƙiya ne. Gwaggo Ladidi ta tattara audugar a zaninta ta ce maƙiyan sun kyauta, za ta yi matashi.

Aka kakkaɓe matatar iska, aka hure, aka mayar. Raufu ya tayar. Fitila ta kawo ja, sai ta mutu da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Hayaƙi ya washe. Hannun katafila ya miƙe ya kamfato ƙasa cike da cokali. Mati bai kalli motar ba, jama'a ya kalla, ya ga yatsu na fita daga kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta haka ya san ƙararrawar ta yi shiru. Ya ga bakuna na buɗewa tare, ya karanta abin da suke cewa, Kunne, Kunne. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Injin da hanyar iskarsa ta toshe, fito yake yi, siriri, kuma Matin shekara goma baya da tun daga bakin titi zai faɗa, ba tare da ya sauko daga mota ba.

A hanyar komawa gwangwanin na kan cinyarsa, kuma ya fi ɗazu nauyi. Ƙwayayen da ke ƙasa ba su dame shi ba, waɗannan da kunnensa ya zare su. Na sama fa? Shekara uku yana sallamar motoci ba fitila ba kunne, ɗauke da auduga da hatsi da mutane a kan kaya. Nawa ne suka mutu a daji saboda shi? Da ya isa gida ya kasa cin abinci.

Washegari da sassafe ya shiga tasha da gwangwani a hammata, ya ƙudura zai bi su ɗaya-ɗaya ya mayar. Ya fara da wata tifa da ya duba makon jiya. Ya zura hannu bayan allo, sai ya ji ƙwai a wurin. Ya ce ko mantuwa ya yi. Ya hau ta biyu, akwai. Ta uku, akwai, sabo ful. Ya dubi direban, direba ya shiga sosa ƙeya yana satar kallon shagon kwana.

Chukwuma na zaune yana shan shayi. Da ya hango shi tafe da gwangwani ya san labarin Ƙarfi ya riga shi isowa, kuma ƙarya ta ƙare. Ya sunkuya ya ɗauko wani kwali daga ƙarƙashin kanta ya buɗe. Ƙwayayen fitila ne, jere cikin takarda.

Ya ɗaga murya yadda ya saba ya ce, "Oga Mati, kai ka cire, ni in mayar! Wadda ta mutu da kanta, ka gyara ke nan, mu ce Allah Ya ƙara basira! Wadda ta ci gaba da ja, in ce da direba ya lallaɓa ya kai motar Zariya, kada ya gaya maka!"

Mati ya ce, "Ruwan randar ke nan."

"Shi ke nan!"

"Wa da wa suka sani?"

Chukwuma ya miƙa hannu ya share tashar da shi tun daga wannan ƙofa har waccan, direbobi, 'yan kamasho, masu faci, mai shayi, har mai tallan rake. Duk sun tsaya cak suna kallon shagon, da suka ga Mati ya waigo kowa ya kama wani aiki da ba nasa ba. Idon Mati ya kawo ruwa. Haushi ne ko godiya, shi kansa bai rarrabe ba, ya dai san shekara da shekaru yana gadin wani asiri, ashe garin ne ke gadinsa.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Chukwuma ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya fasa, ya ɗaga yatsu uku.

Mati ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa. Sannan ya ɗora gwangwanin a kan kanta, ya tura masa, ya jingine rodin a gefe.

Ya ce, "To ka gaya musu su daina yi mini ihu. Ba ji nake yi ba."